Gwajin da Bai Iya Faɗuwa Ba Shaida Ba Ne

Akwai wani salon rubuta gwaji da ya yi yawa a hannun masu gina manhajojin yanar gizo, kuma a ganina lokaci ya yi da za a daina nema masa uzuri. Ana umartar kwamfuta ta buɗe burauza da kanta, ta shiga shafi da suna da kalmar sirri, ta je inda ake sarrafa asusun jama'a. Daga nan sai a gindaya mata sharaɗi. In ta ga maballin "Goge asusu", ta danna, ta tabbatar an goge. In ba ta gan shi ba, ta tabbatar akwai rubutun da ke cewa ba ka da izini. Gwaji ɗaya ya yi wa admin, ya yi wa ƙaramin ma'aikaci, ya yi wa baƙo. Wanda ya rubuta yana ganin ya yi dabara, ya rage wa kansa aiki. Kullum aka duba allon sakamako, kore ne shar, wato alamar gwaji ya ci (ja kuwa alamar ya faɗi).

Abin da ba a lura da shi ba, wannan gwajin ba shi da hanyar da zai bi ya zama ja a kan ainihin abin da aka kafa shi dominsa. Ranar da wani ya taɓa tsarin izini, maballin gogewa ya bayyana ga ɗan koyon da aka buɗe wa asusu jiya, gwajin zai ga maballin, ya bi reshen farko, ya danna, asusu ya tafi, ya ba da rahoton cewa komai lafiya. Ranar da abin ya juya, admin ya nemi maballinsa ya rasa, gwajin zai bi reshe na biyu, nan ma ya ce lafiya. Kamar wanda aka aika ya dubo ko mai gadi yana aikinsa ne: ya tarar da ƙofa a rufe ya rubuta "a rufe take, daidai", washegari ya tarar da ita a hangame ya rubuta "a buɗe take, daidai". Bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Kawai dai ba a faɗa masa yadda ya kamata ƙofar ta kasance ba, sai ya ɗauki abin da ya gani ya mai da shi doka.

Matsayata ke nan a taƙaice: gwajin izini dole ya san wane ne ya shiga da abin da aka yarje masa tun kafin a buɗe burauza. Duk sharaɗin `if` (umarnin "in kaza ne, yi kaza") da ke tambayar shafin abin da zai yi tsammani, a cikin gwajin da ya shafi wa zai ga me da wa zai taɓa me, kuskure ne, ko da ya yi shekara yana ba da kore.

Ban ce masu rubuta irin wannan ragwaye ba ne. Yawanci an miƙa musu asusun gwaji ɗaya ko biyu ne, mutum goma suna amfani da su, wani ya ɗaga matsayin asusun yau don ya duba wani abu, ya manta bai mayar ba. Mai gwaji ya wayi gari gwajinsa ya faɗi ba don manhaja ta lalace ba, sai don asusun ya sauya riga cikin dare. Aka yi haka sau biyu, sau uku, shugaban aiki ya fara tambayar me ya sa gwaje-gwajenka ba sa zama lafiya. Hanya mafi sauƙi ita ce ya koya wa gwajin ya karɓi duk halin da ya tarar. Ja ya ɗauke, kowa ya huta. Amma an gudu ne ba a tsira ba, domin abin da ja yake nunawa, wato ba wanda ya san matsayin asusun a kowane lokaci, yana nan daram, an dai rufe masa baki ne.

Ko a ce ma asusun bai taɓa sauyawa ba, akwai wata matsala da ta fi wannan ɓuya, ita ce ta lokaci. Shafukan zamani ba sa zuwa gaba ɗaya. Burauza tana fara nuna ƙwarangwal ɗin shafin, sannan ta aika tambaya ga uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan shafin: wannan mutumin me aka yarje masa? Sai amsa ta dawo kafin a zana maballan da suka dace da shi. Tsakanin tambayar da amsar akwai ɗan gibi, wani lokaci ƙasa da ƙiftawar ido, wani lokaci daƙiƙa biyu in na'urar gwajin ta yi nauyi. Shi kuwa sharaɗi ba ya jira. A Playwright, ɗaya daga cikin manhajojin da ke sarrafa burauza don gwaji, umarnin `isVisible` yana ba da amsa ne nan take a kan abin da ke allo a wannan lokacin, takardun bayanin manhajar ma sun faɗi haka. A Selenium, wata manhajar irinta, `findElements` yana dawo da jeri wanda ba komai a ciki in bai samu abin ba, ba ya ɗaga murya. To in gwajin ya leƙa a cikin wannan gibin, zai ce babu maballi, ya kama reshen "ba shi da izini", alhali maballin yana kan hanya. A kwamfutar mai rubutawa, inda komai ke gudu, reshen farko ake bi. A na'urar da ke gudanar da gwaje-gwaje da dare, reshe na biyu. Gwaji ɗaya ne a takarda, amma abu biyu dabam yake aunawa, kuma rahoto ba ya faɗin wanne aka auna.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Wani bincike da masana a Jami'ar Illinois suka fitar a 2014 kan gwaje-gwajen da ke ci yau su faɗi gobe ba tare da an sauya komai ba, ya gano cewa rashin jiran abin da bai gama zuwa ba shi ne kan gaba a dalilai. A 2016 John Micco na Google ya rubuta cewa kusan kashi 16 cikin ɗari na gwaje-gwajensu suna da wani abu na wannan rashin tabbas. Masu Cypress kuwa, wata manhajar gwajin burauza, sun ware shafi guda a takardunsu a kan gwaji mai sharaɗi, kuma jigon maganarsu shi ne ba za ka iya dogara da abin da ke kan shafi ka yanke shawara ba sai ka tabbata shafin ya gama motsi, abin da da wuya ka tabbatar a manhajar da JavaScript ke sake zanawa a kowane lokaci. Sai dai a nan ga inda na fi damuwa: gwajin da ke faɗuwa jefi-jefi aƙalla yana jan hankali, wani zai gaji ya duba. Wanda aka sa wa sharaɗi, rashin tabbas ɗinsa ba ya fitowa a matsayin ja. Yana fitowa ne a matsayin kore.

Tarkon lokaci bai tsaya kan masu `if` kaɗai ba. Duk gwajin da ke son tabbatar da cewa wani abu BABU shi yana cikin haɗarinsa. Ka ce wa kwamfuta "tabbatar maballin gogewa ba ya nan", ta leƙa kafin shafin ya gama zuwa, ta ce ai kuwa ba ya nan. Gaskiya ta faɗa, domin a lokacin babu komai a shafin, har da abin da ya kamata a gani. Kuma rabin gwajin izini irin wannan ne, tabbatar da rashi. Maganinsa ba sanya barci na daƙiƙa biyar ba ne. Sai ka fara jiran wani abu da ka san ba ya bayyana sai izini ya iso, kamar sunan mutumin a saman shafi da jerin bayanan da shi ya kamata ya gani, ko ka jira amsar uwar garke ɗin kanta, sannan ka tambayi rashin maballin. In ba a yi haka ba, an cire `if` daga rubutu ne kawai, halinsa yana nan.

Akwai kuma ɗan'uwansa da ya fi shi iya ɓad da kama: sharaɗin da ba shi da `else`, wato reshen "in ba haka ba". In maballin yana nan, duba kaza. In ba ya nan, shiru, gwajin ya kai ƙarshe bai tabbatar da komai ba, kuma a ƙa'idar kusan duk manhajojin gwaji wanda ya kai ƙarshe ba tare da kuskure ba ya ci. Haka `try` da `catch` ɗin da ke haɗiye kuskure ya wuce. Haka madaukin da ke zagaya jerin layuka yana duba kowanne, alhali jerin ya zo babu komai, bai zagaya ko sau ɗaya ba. Gerard Meszaros, a littafinsa na 2007 kan tsarin rubuta gwaji, ya lissafa sharaɗi a cikin gwaji cikin alamomin da ke nuna akwai ruɓa a wani wuri. Daga baya aka mai da wannan ƙa'idar da na'ura ke dubawa: kayan ESLint (mai duba rubutun manhaja) na Jest, manhajar gwaji ta JavaScript, da na Playwright duka suna da doka mai suna `no-conditional-in-test`, Jest kuma yana da `expect.assertions`, wanda ke kayar da gwaji in adadin tabbatarwar da aka yi alkawari bai cika ba. Lissafin ma a fili yake. Sharaɗi uku masu zaman kansu hanya 8 ke nan, goma kuwa 1,024. Gwajin da ke da hanya takwas ya zama manhaja shi ma, yana bukatar wanda zai gwada shi, kuma ba wanda ke yi.

Mai karatu da ba wannan ce sana'arsa ba zai iya cewa wannan rigimar cikin gida ce ta masu kwamfuta. Ba haka ba ne, domin bayanan da ke bayan waɗannan ƙofofin na jama'a ne: takardun asibiti, albashi, sakamakon jarrabawa, hotunan katin shaida. Ƙungiyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗurra goma na manhajojin yanar gizo, ta ɗaga lalacewar tsarin izini daga mataki na biyar a jerin 2017 zuwa na ɗaya a na 2021. A watan Mayun 2019 ɗan jarida Brian Krebs ya bayyana cewa shafin kamfanin First American Financial na Amurka ya bar takardu kusan miliyan 885 a buɗe, wasu tun na 2003. Duk wanda ke da adireshin takarda ɗaya, in ya sauya lamba a ciki sai ya ga ta wani, ba a tambayarsa kalmar sirri. A Satumbar 2018 Facebook ya sanar da cewa an yi amfani da kurakuran da ke tattare da sashen da ke nuna maka yadda wani ke ganin shafinka, aka kwashe tikitin shiga na mutane, wato shaidar da ke barin mutum a ciki ba sai ya sake buga kalmar sirri ba. Da farko aka ce kusan miliyan 50, daga baya aka sauko zuwa kimanin miliyan 30. Tikitin da ya kamata a yanka da sunan mai kallo, sai aka yanka shi da sunan wanda ake kwaikwayon kallonsa.

Ba ina danganta waɗannan da wani `if` a gwajin wani ba ne. Abin da nake so a lura da shi shi ne irin kuskuren. A duka biyun manhaja ba ta faɗi ba, shafi bai yi fari ba, ba saƙon kuskure. Komai ya yi aiki sumul, ga wanda bai kamata ba. Kuskuren izini kamanninsa ɗaya da nasara. Shi ya sa gwajin da ke ɗaukar "abin ya yi aiki" a matsayin hujja ya fi makancewa a nan fiye da ko'ina.

Labarin First American yana tuna mana wani abu kuma: ɓoye maballi ba hana izini ba ne. Gwajin da ya tsaya kan "akwai maballi ko babu" ado yake aunawa. Mai mugun nufi ba ya neman maballi, adireshin yake bugawa kai tsaye, ko ya aika buƙatar gogewa ga API, wato ƙofar da manhajoji ke magana da uwar garke kai tsaye, ba tare da ya buɗe shafin ba sam. Saboda haka ko gwajin da ba shi da sharaɗi, in iyakarsa allo, rabin aiki ya yi.

To me za a yi? Shawarar da sharaɗin ke yankewa a tsakiyar gwaji, a ɗauke ta a kai ta gaba, a rubuta ta a tebur. Layi ɗaya: wane matsayi, wane aiki, a kan kayan wa, me ake tsammani. Admin, goge asusun wani, a yarda. Ma'aikaci, goge asusun wani, a hana. Ma'aikaci, gyara bayanansa, a yarda. Ma'aikaci, gyara bayanan abokin aikinsa, a hana. Wanda bai shiga ba, komai, a mai da shi shafin shiga. Kowane layi ya zama gwaji mai zaman kansa da sunansa a rahoto. Kayan aikin duk suna da wannan: `parametrize` a pytest, `ParameterizedTest` a JUnit 5, `test.each` a Jest. In layi ya yi ja, sunansa kaɗai ya isa ya gaya maka wace ƙofa ce ta buɗe ga wa.

Wani zai ce ai teburin ma sharaɗi ne, an sauya masa wuri kawai: layin "a yarda" zai bi wata hanya, layin "a hana" ya bi wata. Haka ne, kuma sauyin wurin shi ne duka maganar. Sharaɗin da ya dogara da abin da mutum ya rubuta tun farko, amsarsa ɗaya ce jiya da yau da gobe. Wanda ya dogara da abin da manhajar ta nuna, manhajar ce ke zaɓa wa kanta tambayar da za a yi mata. Ni dai na fi son ma a raba su gida biyu, jerin waɗanda aka yarje wa da jerin waɗanda aka hana, kowanne da gwajinsa miƙaƙƙe, amma wannan zaɓi ne na salo, ba zan yi faɗa a kansa ba.

Inda zan yi faɗa shi ne asalin teburin. Akwai masu wayon da ke sa gwaji ya karanto jerin izini daga fayil ɗin da manhajar kanta ke amfani da shi, ko ya tambayi API "me wannan mutumin zai iya?" sannan ya gwada abin da aka ce masa. An dawo gidan jiya. In wani ya yi kuskure a fayil ɗin ya ba kowa ikon fitar da bayanan kuɗi, gwajin zai karanta sabon izinin, ya tabbatar kowa yana iyawa, ya yi kore. Teburin gwaji da hannu ake rubuta shi, daban, kuma ya kamata wanda ya san harkar, ba mai rubuta manhaja kaɗai ba, ya iya karanta shi ya ce a'a, akawu ba ya ganin wannan. Maimaici ne, na yarda, wuri biyu za a gyara duk lokacin da doka ta sauya. Wannan maimaicin shi ne amfaninsa: sai mutum ya faɗi abu sau biyu da gangan kafin ƙofa ta buɗe.

Kowane gwaji kuma ya kawo mutanensa. Kafin ya fara, a ƙirƙiri asusun da matsayin da ake so ta API ko kai tsaye a rumbun bayanai, a gama a share. In shiga ta shafi a kowane gwaji ya yi tsada, a shiga sau ɗaya ga kowane matsayi a ajiye zaman. Playwright yana da `storageState`, Cypress yana da `cy.session`. Kada a manta da buɗe asusu biyu masu matsayi ɗaya. Mutane suna yawan gwada ƙarami da babba, su manta da tsara da tsara, alhali ɗalibi ya ga sakamakon wani ɗalibi ko majinyaci ya ga takardar wani majinyaci shi ne irin abin da sauya lamba a adireshi ke jawowa.

Sannan "a hana" ɗin a fayyace shi. Lambar 401 tana nufin ba mu san ko kai wane ne ba, 403 mun san ka amma ba a yarje maka ba. Wasu shafukan da gangan suke ba da 404 don kada ma ka san abin yana nan. GitHub haka yake yi da ma'ajiyar da ba taka ba ce kuma ba a buɗe ta ga jama'a ba. Kowanne aka zaɓa daidai ne, amma a zaɓi ɗaya ga kowace ƙofa. Gwajin da ke cewa "in 401 ne ko 403 ko 404 ko 500, duk mun karɓa", sharaɗi ne ya sake shigowa ta taga. Wata rana za a sauya adireshin, tsohon ya riƙa ba kowa 404, gwajin ya ci gaba da murna yana tsaron ƙofar da aka riga aka toshe, sabuwar kuwa ba mai duba ta. Kuma bayan an ga lambar hani, a koma a duba cewa abin da aka yi yunƙurin gogewa yana nan. Ana samun manhajar da ke aikata aikin tukuna sannan ta duba izini, ta ce maka an hana alhali ta riga ta goge.

Masana tsaron kwamfuta Saltzer da Schroeder sun rubuta tun 1975 cewa tsarin tsaro ya ginu a kan hani, sai abin da aka yarje a fili. Ina ganin gwaji ma ya kamata ya bi wannan. A sa wani gwaji guda ya lissafo duk adireshin da manhajar ke amsawa, ya gwama da teburin, in ya samu wanda ba shi da layi ya faɗi. Ta haka sabuwar ƙofa ba za ta shiga ba sai wani ya zauna ya rubuta wa aka yarje wa.

Ba kowane sharaɗi nake yaƙa ba. A wajen share fage da kwashe kaya, "in asusun yana nan ka goge shi" ba laifi, domin ba hukunci ake yankewa ba. Akwai kuma tarkacen da ke faɗowa kan shafi ba tare da sanarwa ba, irin akwatin neman amincewa da kukis da ya cika shafuka tun bayan da dokar GDPR ta Turai ta fara aiki a Mayun 2018, ko tallan sabon fasali. Gara a kashe su tun daga saitin wurin gwaji, amma in ba hali, Playwright ya tanadi `addLocatorHandler` don kawar da irinsu a gefe ba tare da an cusa reshe a jikin gwajin ba. In kuma gwaji bai dace da wani muhalli ba, a tsallake shi a fili, rahoto ya nuna an tsallake da dalili. Tsallakewa gaskiya ce, kore na ƙarya ne ba gaskiya ba.

Amma a yi hattara da abin da ake kira tarkace. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wannan: "in shafin neman lambar tabbatarwa ya fito, cika shi, in bai fito ba, wuce." Ana rubuta shi ne saboda wani lokaci manhaja tana tuna na'ura ba ta sake tambaya. To ranar da matakin tabbatarwa na biyu ya mutu gaba ɗaya fa? Gwajin zai wuce abinsa, har ya fi sauri. Wannan shafin ba tarkace ba ne, shi ne katangar. Gwaji biyu ake bukata: sabuwar na'ura, dole a tambaya, na'urar da aka amince da ita, kada a tambaya. Kuma ba wuya, domin lambobin da manhajojin tabbatarwa ke bayarwa suna bin ƙa'idar TOTP ce da aka wallafa a 2011, wadda galibi ke sauya lamba duk daƙiƙa 30, gwaji zai iya lissafa lambar da kansa in an ba shi sirrin asusun gwajin. Haka tilasta sauya kalmar sirri, haka kulle asusu bayan kuskure da yawa, haka ƙarewar zama. Duk abin da aka sa don ya tare mutum, ba a yi masa "in ya fito". Fasalin da ake kunna wa wasu a kashe wa wasu kuwa, gwaji ne zai kafa shi a kunne ko a kashe kafin ya fara, ya gwada kowanne dabam.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini ita ce ta wanda ba shi da iko. Mai gwaji ne a kamfanin da ba a ba shi damar taɓa rumbun bayanai ba, shiga kuma ta hannun wani kamfani ake yi, asusun da aka ba shi shi ke nan. Me zai yi in ba sharaɗi ba? Ina tausaya masa, amma ko a nan akwai abin da ya fi. Gwajin ya fara da tabbatar da cewa asusun yana matsayin da ake zato, in ba haka ba ya tsaya da saƙo bayyananne: asusun gwaji ya sauya matsayi, ba a gwada komai ba. Wannan jan yana nuna inda ciwon yake, kuma shi ne takardar da zai ɗauka ya kai wa masu iko ya nemi asusu na kansa ga kowane matsayi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Laifin a nan na shugabannin da ke auna mai gwaji da yawan kore ne. Duk wanda aka auna da kore zai samo kore, ta kowace hanya.

Batun tsada kuma, teburin matsayi biyar da aiki arba'in layi 200 ne, kuma gaskiya ne in duk ta burauza za a bi za a daɗe. Ba sai an bi ta nan ba. Mafi yawan layukan buƙata ce ɗaya zuwa API da duba amsa, abin da ke ƙarewa cikin ƙasa da daƙiƙa. Burauza a bar mata kaɗan: kowane matsayi ya shiga ya ga abin da ya dace, ya buga adireshin da ba nasa ba a kore shi.

Yanzu da ake sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta gwaji suna kuma "gyara" wanda ya faɗi, ina ganin abin zai ƙaru ne. In umarnin da ka bayar shi ne a sa gwajin ya wuce, naɗe layin da ke faɗuwa cikin sharaɗi amsa ce da ta cika umarnin. Duk gyaran da ya ƙara `if` ko `catch` a gwajin izini, na mutum ne ko na na'ura, ya cancanci a tsaya a karanta shi da kyau kafin a karɓa.

Hanyar gane ko gwaje-gwajen da ake da su suna da haƙora ba ta da wuya, kuma tsohuwa ce. Tun a shekarun 1970 masana irin su Richard Lipton da Richard DeMillo suka kawo dabarar lalata manhaja da gangan don a ga ko gwaji zai kama, yau kuma akwai PIT ga Java da Stryker ga JavaScript masu yin haka da kansu. Ko ba su, mutum zai iya da hannu. A reshen aiki na gefe, cire layin da ke duba izinin gogewa, ka gudanar da gwaji. Mayar da shi, ka sa aikin da ke duba matsayi ya riƙa cewa kowa admin ne. Sannan ka cire sharaɗin da ke tabbatar da cewa takardar ta mai nemanta ce. Kowanne daga cikin ukun ya kamata ya tayar da ja, kuma jan ya faɗi sunan ƙofar. Kuskuren Apple na Fabrairun 2014, inda layin `goto fail` da aka maimaita ya sa ake tsallake tabbatar da sa hannu a haɗin sirri, irin wannan ne: haɗi da shafukan gaskiya yana tafiya daidai, sai wanda ya kawo sa hannun bogi ya tsaya a kan cewa dole a ƙi shi ne zai gane.

Akwai layi ɗaya da nake so a ƙara a kowane tebur, wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba. Mutum ya shiga a matsayin admin, yana ciki aka sauke shi, ko aka rufe asusunsa gaba ɗaya saboda ya bar aiki. Shafin da ke gabansa bai sabunta ba, maballin gogewa yana nan a allo, tikitin da ke burauzarsa bai ƙare ba. Ya danna. Gwaji mai sharaɗi zai ga maballi, ya bi reshen admin, ya yi tsammanin nasara. Teburin kuwa sai ya tilasta wa masu manhajar su amsa tambayar da watakila ba su taɓa zama a kanta ba: nan take izinin ke mutuwa, ko sai tikitin ya ƙare, kuma in sai ya ƙare ne, minti nawa aka yarda tsohon ma'aikaci ya ci gaba da riƙe makullin.